Sawun Jif Ɗin Mai Katako

Dab da ƙarfe uku na rana aka gane jif ɗin Mai Katako ba ta nan. Baƙar mota ce wuluk, mai tsayi kamar ɗaki, wata biyu kacal da sayenta. Ya fito rakiyar abokansa 'yan kasuwa, waɗanda ya tara musamman don su ci abinci su kuma ga motar. Ya miƙa hannu zai sake nuna musu ita, sai hannun ya nuna rumfa wayam.

Kafin a ce me, unguwa ta cika ƙofar gidan. Mutanen yanzu ba sa rasa lokacin zuwa kallon asarar wani. Kowa ya zama mai bincike, kowa na da wanda yake zargi, kuma ba a ɗau minti ashirin ba aka yanke hukunci. Mota irin wannan ba ta tashi sai da makullinta. Makullan biyu ne, ɗaya a aljihun maigida, ɗaya a aljihun Direba. Maigida ba zai saci motarsa ba. Saboda haka aka tura Direba ɗakin maigadi aka sa kwaɗo, mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana tuƙa Mai Katako tun yana da akori-kura.

Mai Katako ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Wallahi in rana ta faɗi ban ga motata ba, 'yan sanda zan miƙa wa ɓarawon nan!"

Uwargida ce ba ta yarda ba. Ita ta aika aka kira Baba Mai Sawu.

*

Baba ya haura saba'in. Bai taɓa zama a aji ba, ƙuruciyarsa duk a bin sawun shanun sata ta ƙare, kuma har yau ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama kallon ƙafarsa. Ya iso da sandarsa, ya tsaya ya dubi ƙofar gidan. Tankar ruwa ta shigo ta fita ta jiƙa wurin, sannan mutum ɗari sun bi sun tattake. Ya ja tsaki.

"Ko giwa aka sace daga gidan nan, kun goge sawunta. Ku matsa."

Rumfar motar kaɗai ta tsira, don Mai Katako ya hana kowa shiga, wai wurin motarsa ne ko tana nan ko ba ta nan. Yashi ne a ƙasan, ba a kai ga shimfiɗa bulo ba. Gidan a kan tudu yake, tsakar gidan ta gangaro daga rumfar zuwa ƙofa.

Mai Katako ya taho yana ɗan ɗingishi, fuska a murtuke.

"Baba, ni ban ga amfanin wahalar da kai ba. Mota ce, ba saniya ba. Ɓarawo kuma yana hannu."

"Me ya sami ƙafar?"

"Sanyin ƙashi ne."

Baba ya ɗaga kai ya dubi rana, wadda ke neman narka kwanon rumfar. "Allah ya sawwaƙe," ya ce. "Ina maigadi?"

*

Maigadi yana zaune a kan benci yana gadin ɗakinsa da aka mayar kurkuku.

"Kana ina aka fita da motar?"

"Baba, maigida ne ya aike ni sayen ƙanƙara wajen sha biyu da rabi, baƙi na ƙorafin lemo ba sanyi. Na bar ƙofa a buɗe don ana jiran tanka. Da na dawo na tarar tanka a ciki, jif ba ta nan, sai na ɗauka Direba ya matsar da ita."

"Ka ɗauka."

"Na ɗauka, Baba."

"Ana biyan ka ka yi gadi, kai kana ɗauka. Wa kake zargi?"

Maigadi ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Akwai wani mai farar riga da jaka. Sau biyu yana zuwa. Kai tsaye yake cewa a ba shi motar ya tafi da ita, ko kunya babu! Maigida ya kore shi, ya ce in na sake barinsa ya taka ƙofar nan a bakin aikina. Har kati ya bar mini, na ajiye don shaida."

Ya zaro ɗan kati daga hularsa. Baba ya karɓa ya juya shi gaba da baya. Rubutu ba hanyarsa ba ce.

"Ɓarawo mai barin lambar waya," ya ce. "Zamani ya ci gaba. Kai wa Uwargida, ka ce ta kira shi ya zo kafin faɗuwar rana."

*

Na biyu da Baba ya tambaya shi ne ƙanin Uwargida, wanda unguwa ke kira Ɗan Gayu. Mata biyu sun rantse sun gan shi da makullin motar a makon jiya yana kaɗa shi a yatsa. Ya zo yana ƙamshin turare, gumi na karyo masa.

"Baba, wallahi aron makullin na yi na minti biyar."

"Ka je ina da ita?"

Ɗan Gayu ya sunkuyar da kai. Uwargida, da ke tsaye a bakin taga, ta amsa masa: "Ina zai je? Wannan ko keke sai an riƙe masa."

Baba ya zagaya gefen rumfar yana nuni da sanda. "Ga sawunka nan, takalmi mai tsinin baki. Nan ka tsaya, nan ma, nan ma. Duk ka ba motar baya, ƙafa ɗaya a harɗe. Ko sau ɗaya ba ka fuskanci ƙofarta ba. Me kake yi?"

"Hoto, Baba."

"Wa kake tura wa?"

"Wata ce."

"Ta san ba taka ba ce?"

Ɗan Gayu ya sosa ƙeya.

"To kai ma ɓarawo ne, amma ba na mota ba. Tafi."

Baba yana nan a gefen rumfar sai sandarsa ta tsaya cak. Daidai inda tayar baya ta dama take zama, akwai wani ɗan rami a yashi, girman kan mutum, gefensa a murje. Baba ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya daɗe yana kallon ramin da sawun da ke kusa da shi. Ya bi wani jan layi da ido har cikin shukokin da ke jikin katanga, ya sa sanda ya buɗa ganye, ya ga abin da ya gani, ya mayar da ganyen.

*

A waje, mai facin taya da ke bakin titi ya riga ya tara jama'a yana ba da shaida. Ya ga motar da idonsa, ta yi hagu wajen babban titi a guje, ƙarti huɗu a ciki, ɗaya da tabarau.

"Wane launi ce?" in ji Baba.

"Fara. A'a, ja-ja haka. Ƙura ta rufe ta."

"Juyo da kumatunka."

Mai faci ya juyo. Zanen tabarmar roba kwance a kumatunsa tun daga kunne har haɓa.

"Wannan zanen ba ya kama fuska sai an yi awa biyu a kansa. Ƙarti huɗun a mafarki ka gan su. In ka koma ka gaishe su."

Jama'a suka kwashe da dariya, amma duk da haka idonsu na hagu, wajen babban titi, don a ganinsu ɓarawo can zai nufa. Baba bai yi hagu ba, bai yi dama ba. Ya tsallaka titin. Daura da ƙofar gidan akwai wani siririn lungu da ya miƙe ya gangara, ba a cika bin sa ba, don ba ya kaiwa ko'ina sai bayan injin yankan katakon maigidan, kuma ranar hutu ce, ba ma'aikaci ko ɗaya.

Taku ashirin ya yi ya samu sawun, inda ruwan tanka bai kai ba. Taya mai faɗi, zanenta kamar ƙafar tsuntsu, irin wanda ya gani a rumfa. Ya tsaya ya yi nazari. A rumfa, inda motar ke shiga da gaba, ya lura da inda tsinin zanen yake kallo. A nan tsinin yana kallon tudu, wato hancin motar na kallon gida. Amma ciyawar da taya ta taka ta kwanta ne wajen gangare, wani gwangwani ma an murƙushe shi an ja shi ƙasa.

Da baya ta tafi ke nan.

Ya ci gaba. Wane ɓarawo ne zai saci mota ya gudu da baya? Gaba kaɗan akwai rami a tsakiyar lungun, wanda ko makaho ya riƙe sitiyari zai kauce masa. Sawun ya faɗa ciki ya fito. Ya bi ta kan tsibin yashi, ya tattake wani tsohon baho, ya ɗebe reshen bishiya. Babu inda ya karkata, babu inda aka taka birki. Baba ya bi shanu iri-iri a rayuwarsa, ya san bambancin saniyar da ake kora da wadda ta tsinke igiya.

A ƙarshen lungun akwai tsibin dusar katako, ta shekara da shekaru, ta fi gidan bene tsayi. Sawun ya shiga gindinta bai fito ba. Gefen tsibin ya zabtaro, dusar ciki mai danshi ta fito waje. Baba ya soka sandarsa. Ta shige. Ya matsa ya sake sokawa. Ta shige. A karo na uku sai ya ji ƙwas.

Ya zare sandar, ya kakkaɓe rigarsa, ya juya ya fara hawan tudun a hankali.

*

Ya tarar da Direba ya riƙe ƙarfen taga da hannu biyu, idonsa ya yi ja.

"Baba, shekara goma sha bakwai. Ko canjin mai ban taɓa riƙewa ba. Yanzu 'ya'yana za su ji an kira ubansu ɓarawo a bakin titi."

"Bar kuka, ba ka da fuskarsa. Dutsen da ke bayan taya, kai kake sawa?"

Direba ya zaro ido. "Wa ya gaya maka?"

"Yashi."

"Baba, motar nan tana da motsi. Babu birkin hannu irin wanda muka sani, wanda za ka ja ka ji ya ce ƙarrr. Ɗan maɓalli ne kake dannawa. Sau biyu ina ajiye ta da safe, in rana ta yi zafi in tarar ta ja baya taku guda. Na gaya wa maigida, ya ce ƙauyanci ne ke damuna, motar da ke magana ba za ta rasa hankalin tsayawa ba. Ni kuwa babbar mota na fara tuƙawa, a can ba a barin mota a gangare ba a tare tayarta ba. Sai na samo dutse. Ya hana, na ci gaba da sawa a ɓoye, ta ɓangaren katanga."

"Yau ka sa?"

"Da hannuna, ƙarfe goma."

"Ka cire?"

"In cire in ce wa Allah me?"

Baba ya gyaɗa kai. "Share fuskarka. Baƙi za su zo."

*

Rana ta yi ja lokacin da Baba ya tara su a gaban rumfar: Mai Katako a kan kujera, Uwargida, Maigadi, Ɗan Gayu, mai faci da abokan maigidan da suka ƙi tafiya don labari bai ƙare ba. Unguwa kuma ta leƙo ta ƙofa. Ana cikin haka sai ga mai farar riga ya shigo da jakarsa. Maigadi ya yi wuf ya riƙe masa wuyan riga.

"Ga shi! Ya dawo ɗaukar rumfar!"

"Sake shi," in ji Baba. "Yaro, wane ne kai, kuma me ya sa kake son motar mutane?"

Saurayin ya gyara wuyan rigarsa. "Baba, ni ma'aikacin kamfanin da ya sayar da motar ne. An gano irin wannan jif ɗin ta fito da lahani daga masana'anta. Birkin ajiyarta na lantarki ne, in ya sha zafin rana wata waya tana saki, sai mota ta zame. Kamfani ya yi kira a mayar da su duka a gyara kyauta, kwana biyu kawai. Takarda uku muka aiko gidan nan. Na zo da kaina sau biyu. Na biyun da tsintsiya aka raka ni."

Uwargida ta juyo a hankali. "Maigida, takarda uku?"

Mai Katako ya gyara zama. "To in bari a ɗauke ta a gaban mutane, gari ya ɗauka na sayi mota mai lahani? Duk wannan surutu ne. Ina motata? Ita na tambaya."

"Na gan ta," in ji Baba.

Mai Katako ya miƙe zumbur, ya ɗan cije leɓe da ƙafar ta taɓa ƙasa. "Tana ina? Wa ya kai ta?"

"Tana inda take, ba za ta ƙara gaba ba. Zauna. Ba wanda ya tuƙa motar nan. Da baya ta fita, ba kowa a ciki, ta ƙofar da aka bari a buɗe. Da ma abu ɗaya ke riƙe ta a gidan nan."

Ya sa sanda cikin shukokin jikin katanga, ya mirgino dutsen. Dutse ne baƙi, mai nauyi, girman kan mutum.

"Direba ya sa shi ƙarfe goma. Ga raminsa. Wani ya zo daga baya ya cire. Ba da hannu ba, don babu sawun durƙuso. Ku matso ku gani. Ga ƙafar hagu, ta nutse a yashi, nan ya dogara. Ga inda ta dama ta share ƙasa. Shuri ya kai wa dutsen. Bai motsa ba, ya ƙara. Sannan ga wannan." Ya nuna wasu sawu uku a jere, duk na ƙafar hagu. "Nan ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, yana riƙe da ɗayar. Daga baya ya tura dutsen da gefen takalmi har cikin shuka. Mutumin nan ya zo rumfar da ƙafa biyu lafiyayyu, ya koma da ɗaya da rabi."

Idanu dai suka sauka ƙasa, suka fara bin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Maigadi ya buga ƙafarsa a ƙasa don a shaida. Ɗan Gayu ya yi ɗan tsalle. Mai Katako ya ja ƙafarsa ta dama a hankali ya tura ƙarƙashin kujera.

"Sanyin ƙashi," in ji Uwargida. "Har ruwan zafi ka sa na dafa maka."

Wani mai tumbi cikin abokan ya yi gyaran murya. "Ni dai wasa na yi. Cewa kawai na yi ban taɓa ganin jif mai kujerar fata da dutse a baya kamar tsohuwar tifa ba."

"Kai ka fara dariya, sauran suka taya ka!" Mai Katako ya daka masa tsawa. "Ina ji ina gani a mayar da ni abin dariya a gidana?"

Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Daga bakin ƙofa wani ya fashe da dariya, aka toshe masa baki.

"Baba," in ji Mai Katako da ƙaramar murya, "a bar maganar haka. Faɗa mini inda take, a sallami kowa."

"Akwai mutum a kulle."

Mai Katako ya yi wa Maigadi alama, aka buɗe kwaɗon. Direba ya fito yana ƙifta ido.

"Shi ke nan, ka koma bakin aikinka," in ji maigidan, yana kallon gefe.

Baba bai motsa ba. "A ina ka kira shi ɓarawo?"

"A bakin ƙofa."

"To can za ka je ka janye."

Mai Katako ya dubi abokansa, ya dubi matarsa, bai ga mai ceto ba. Ya ɗingisa har bakin ƙofa, jama'a suka buɗa masa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a.

"Kunnena ya yi nauyi," in ji Baba daga inda yake. "Tsufa. Da muryar ɗazu."

Mai Katako ya ja numfashi. "Jama'a! Direbana bai saci komai ba! Ni na cire dutsen! Na zalunce shi, ina roƙonsa gafara!"

"Yawwa, yanzu na ji. Motarka na cikin dusar katakonka, ƙarshen lungun can. Ka shiga ta gefen da ya zabtaro."

Duk unguwar ta kwasa ta gangara. A bakin tsibin aka samo shebur biyu a rumfar ma'aikata. Ɗan kamfani ya ce da zarar an tono ta zai kira motar da za ta ja ta, kuma wannan karon Mai Katako bai hana ba. Ya ɗauki shebur ɗaya ya miƙa wa Direba, kamar yadda ya saba miƙa masa komai.

Direba ya dubi shebur ɗin, ya mayar da hannuwansa baya.

"Na yafe, maigida, har zuciyata. Amma tun ƙarfe uku nake tsare, jikina duk ya yi tsami."

Mai Katako ya waiga neman wani. Ɗan Gayu ya tuna yana da kira a waya. Mai tumbi ya ce likita ya hana shi sunkuyo. Baba ya samu kututture ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda, da alamar mai niyyar gani har ƙarshe.

Maigida ya naɗe hannun riga ya soka shebur. Dusa ta tashi ta rufe masa gira da gashin baki. A sheburi na goma sha wani abu sai aka ji ƙarfe ya gogi ƙarfe, ƙiiii.

Direba ya matso ya leƙa ta kafaɗarsa.

"A hankali, maigida. Fenti ne."